Ban Ruwa: Tsakanin Shayarwa da Ɗura

Duk wanda ya tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ya zaɓi 'yar tukunyar alobera ko kariya ya biya, da wuya ya juya bai yi tambaya ɗaya ba: "Malam, sau nawa zan riƙa ba ta ruwa?" Adadi yake so a faɗa masa, kullum da safe ko duk ranar Juma'a, ya riƙe ya huta. Mai furen da ya san sana'arsa ba zai ba shi adadi ba. Abin da zai ce bai wuce, "Alhaji, in za ka ba ta, ka ba ta ta ƙoshi. Daga nan kada ka ƙara sai ƙasar ta bushe ƙamas." Mai saye zai tafi yana ganin an yi masa rowar bayani, alhali ilimin ban ruwan wannan dangi na tsirrai kaf yana cikin jimlolin nan biyu. Ta farko kowa yana iya cika ta. Ta biyun ce ke gagarar mai kirki, domin tana neman ya ga busasshiyar ƙasa a gabansa, ga buta a hannunsa, ya mayar da butar inda ya ɗauko ta.

Ina ganin nauyin ya samo asali ne daga yadda kunnenmu ya saba jin kalmar ban ruwa. A lambu muka koye ta. Tun zamanin jigo har zuwa yau da ruwa ke bin magudanan Kadawa da Bakolori, mai noman rani ya san cewa fangalin alayyafo ko latas in ya yi kwana biyu a bazara bai ga ruwa ba, kwanciya zai yi. A can danshin ƙasa shaidar himma ce, bushewarta kuma shaidar lalaci. Wanda fangalinsa ya tsattsage, maƙwabtansa sun san barci ya yi. Da wannan ma'ana muke shiga gida, mu ɗora ta a kan tsiron da aka halitta domin wata rayuwa dabam. Kalmar ta koya mana cewa ban ruwa zubawa ne, kuma mai yawan zubawa shi ne mai yawan kulawa. Ga albasa haka ne. Ga alobera, zubawa rabin aikin ne, ɗaya rabin kuma jira.

Tsirran nan ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, tukunyar ado ce kawai ta sa muka soma yi musu sabon kallo. Aloberar da ke cika farfajiyoyi yanzu, masana suna danganta asalinta da yankin Larabawa, amma 'yar'uwarta ta daji, zabuwa, mai ɗigo-ɗigon fari a ganye, ta daɗe a hannun masu maganin gargajiya. Kariya mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda tana tsirowa da kanta a Sahel, ita ce kuma manoman furanni na Tailan suka yi ta yi wa aure har launukanta suka cika kasuwannin duniya. Akwai karan masallaci mai kusurwa huɗu da ke maƙale a jikin duwatsu. Akwai aguwa da ake shinge da ita a gonakin Katsina da Sakkwato da Damagaram. Akwai ƙerana da tinya masu farin nono mai ƙuna, da moda da maharba ke murza tsirkiya daga zarenta, wadda yau ake jerawa a ofisoshi. Kaktus kuwa, da yake kama da ƙerana har a rikita su, daga nahiyar Amurka ya fito, ba su haɗa jini ba, fari ne ya yi musu ƙira ɗaya. A duniya irin waɗannan tsirrai sun haura nau'i 10,000 daga iyalai mabambanta, kuma abu guda ya tara su: kowanne yana ajiye ruwa a jikinsa.

Yanki ganyen alobera guda daga gindi ka duba. Fatar waje mai kauri ce, da santsin kakin da ruwa ke zamewa a kansa. Daga ƙarƙashinta wani ruwa rawaya mai ɗaci zai tsatso. Sai kuma tsokar ciki, garai-garai mai yauƙi, wadda fiye da kashi 98 cikin 100 nata ruwa ne. Babban ganye ɗaya yakan cika hannu da nauyi, kuma duk nauyin nan guzuri ne. Ita kariya a gindi take ajiye nata, a wannan kumburin da ke zaune a bakin ƙasa. Matsa shi da yatsa, in ya yi tauri ma'ajin a cike yake. Wanda ke tsaye a kan tukunya yana tausayin tsiro don ya ga ƙasa ta bushe, rabin ruwan da ke wurin kawai yake gani. Sauran yana cikin ganyen da yake kallo.

Wannan tanadi amsa ce ga yadda ruwa ke zuwa a inda suke rayuwa. A kan dutse, ko tudu mai tsakuwa, ko gangare, hadari yakan haɗo ya sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ruwan ya gangare ya wuce, rana ta fito, bayan 'yan kwanaki wurin ya koma yadda yake. In damina ta ɗauke a Oktoba kuwa, a arewacin ƙasar Hausa sai a yi wata shida ko bakwai ba ɗigo. Park Nobel na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya shafe shekaru yana nazarin kaktus da agabe a hamadar Sonora, ya nuna cewa saiwoyinsu ba sa nitsewa da nisa, shimfiɗuwa suke yi kusa da fuskar ƙasa. Da zarar ƙasa ta jiƙa, sababbin saiwoyi sirara sukan fito cikin ɗan lokaci, su sha iya shansu, in ta bushe su mutu, tsiron ya zauna a kan abin da ya tara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: da guzurin jikinsa yake gina saiwoyin da za su ɗebo masa sabo. Saiwar da aka yi domin sha mai yawa na ɗan lokaci, sannan hutu mai tsawo, ita ce muke binnewa a tukunya mu hana ta hutun.

Ba a nan kaɗai tsimin yake ba. A farkon ƙarni na 19, Benjamin Heyne, wani likita Bajamushe da ke aiki a kudancin Indiya, ya lura da wani abu a ganyen tsiron da masana ke kira Bryophyllum: in ya tauna shi da sassafe sai ya ji tsami sosai, zuwa tsakar rana tsamin ya gushe. An buga bayaninsa a Landan a 1815, amma sai bayan fiye da ƙarni guda aka gane dalili. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofin numfashi da yake shigar da iskar kabon ta cikinsu, kuma ta nan ne ruwa ke tsere masa. Tumatir da alayyafo da rana suke buɗe nasu, lokacin da zafi ke zuƙe danshi. Da yawa daga masu ajiye ruwa, har da alobera da moda da kaktus, rufe nasu suke yi da rana, su buɗe da dare in iska ta yi sanyi. Iskar da suka shaƙa sai su adana ta a matsayin wani sinadari mai tsami, gari ya waye su warware shi su haɗa abinci da hasken rana, ƙofofi a rufe. Tsamin da Heyne ya ji a harshensa numfashin daren ne da ba a riga an kashe ba. Da wannan dabara asarar ruwansu ta yi ƙasa da ta sauran tsirrai ninkin ba ninki.

Ga mai tukunya, ma'anar wannan a fili take. Tumatir yana busar da tukunyarsa da kansa, ya zuƙe ruwan safe kafin la'asar. Alobera ba ta yin haka. In ta cika ganyenta ta gama, sauran ruwan zai zauna a gindinta sai iska da rana sun ɗauke shi. Saiwa kuwa numfashi take yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan gurabe, kuma iskar da ke cikinsu ita saiwa ke shaƙa. In ruwa ya cike guraben ya zauna, iska ta fita, kuma tafiyar oksijin a cikin ruwa ta fi tafiyarta a sarari jinkiri da kusan ninki 10,000. Bakin saiwoyi sukan soma mutuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin cuta dangin funfuna, da ke zaune a ƙasa suna jiran danshi, su shiga ta inda saiwa ta yi rauni, su bi ta har gindi. Duk wannan a ɓoye yake faruwa, sama kuwa ganye yana nan kore shar har tsawon makonni, yana ci daga guzurinsa.

Ranar da abin ya fito fili, da kalma ɗaya mai tukunya yake fassara shi: ta yi yaushi. Kuma yaushi a kunnenmu ƙishirwa ce. Gaskiya ne tsiron yana jin ƙishirwa, tunda ba shi da saiwar da zai sha da ita, amma a tsakiyar ruwa yake jin ta. Sai mai shi ya ƙara ruwa, ya ƙarasa abin da ya fara. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuskar nan tana bukatar mai karatu da natsuwa, don yaushi iri biyu ne. Na ƙishirwa a hankali yake zuwa: ganyen alobera ya sirance, ya lotsa ta tsakiya, gefunansa su naɗo ciki, fatarsa ta yi tamoji, amma in ka taɓa za ka ji ta a bushe, da ɗan ƙarfinta, kuma daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa. Na ruɓa kuwa ganyen yakan yi rawaya, ya yi sheƙi har haske na ratsa shi, ya yi laushi luguf, ka ɗan ja shi ya tsinke a hannunka. Gindi ya yi baƙi, tsiron yana rawa a tukunya, in ka sunkuya ka ji wari. Wanda bai gamsu da ganye ba, ya tambayi ƙasa, ita ba ta da fuska biyu. Yaushi a busasshiyar ƙasa roƙon ruwa ne. Yaushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa roƙon iska ne.

Hausa tana da kalmomi biyu na kai ruwa cikin mai rai, kuma ba ta taɓa haɗa su ba. Akwai shayarwa, akwai ɗura. A shayarwa, mai sha ne ke da aikin: an kawo masa, shi ya sha, shi ya ɗauke baki in ya ƙoshi. A ɗura, mai bayarwa ne ke yanke hukunci. Mun san yadda akan kwantar da yaro a cinya, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, a toshe masa hanci har ya haɗiye. Uwar da ke yin haka ba mugunta ke cikinta ba, so ne da tsoron kada ɗanta ya rame, kuma ma'aikatan lafiya sun daɗe suna roƙon a daina saboda kunun na iya bin hanyar numfashi. Abin da ke tukunya ko kau da kai ba zai iya ba, ba shi da kukan da zai yi, ba shi da gangaren da ruwa zai bi ya bar shi. Duk abin da aka zuba masa, a kansa zai kwana. Shi ya sa a wajensa iyakar da ke tsakanin shayarwa da ɗura tana hannun mai buta shi kaɗai, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da ɗura shayarwa.

Wanda ya ji wannan gargaɗi yakan faɗa ɗaya ramin. Tunda an ce ba ta son ruwa da yawa, sai ya riƙa yi mata yayyafi, cokali biyu kullum, ko ya fesa wa ganyen da 'yar kwalba. Wannan rowa ce da ta yi shigar taka-tsantsan, kuma ɓarnarta biyu. Ruwan ba ya wuce kaurin yatsa, saiwoyin ƙasa su bushe su mutu, wuyan tsiron kuma, inda ya fi saurin ruɓa, ya zauna kullum cikin laima. Ga kuma gishiri. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da ma'adinai. In ana zuba kaɗan-kaɗan yana bushewa a wurin, ma'adinan su taru, sai ka ga farin ɓawo a bakin tukunya da fuskar ƙasa, wanda ke ƙona saiwa. Ruwa mai yawa da ya ratsa ya fita ta ƙasa shi ke wanke su. Don haka maganar "kaɗan" ba a kan yawan abin da ake zubawa take ba, a kan yawan zuwa take. A zo jifa-jifa, amma in an zo a cika hannu.

Ga yadda ban ruwan yake in an yi shi daidai. Kafin buta, tsinke. Soka tsinken itace busasshe har ƙasan tukunya, ka bar shi ɗan lokaci, ka zaro. In ya fito da duhu, ko ƙasa ta manne masa, ko ka ji sanyi a jikinsa, ba yau ba. Saman ƙasa yakan bushe cikin yini guda alhali can ciki jagab yake, shi ya sa kallo daga tsaye ba ya wadatarwa. In tukunyar ƙarama ce, ɗaga ta. Hannu yakan koyi bambancin nauyin jiƙaƙƙiya da busasshiya da wuri. In tsinke ya fito fes, to da safe, kafin rana ta yi zafi, kawo bakin buta kusa da ƙasa ka zuba a hankali, kana zagaya gindin, ba a tsakiyar ganye ba, domin ruwan da ya kwanta a ƙoƙon alobera yana ruɓar da zuciyarta. Za ka ji ƙasar tana tsotsa da ƙaramin sauti, kumfa na tasowa, ƙamshin farkon damina ya bugi hancinka. Ci gaba har ruwa ya ɓullo ta hudar ƙasa. In ya fito nan take, ƙasar ce ta ƙanƙance ta rabu da bangon tukunya, ruwan ya bi gefe ya wuce bai jiƙa komai ba. Dakata kaɗan ka sake zubawa, ko ka zaunar da tukunyar a roba mai ruwa ta sha ta ƙasa har danshi ya hau. Daga nan ka bar ta ta tsane, ka zubar da abin da ya taru a farantin da ke ƙarƙashinta. Ruwan sama da aka tara, in akwai, ya fi kowanne.

Sai dai ban ruwa yakan fara tun kafin a ɗauki buta, ranar da aka zaɓi tukunya da ƙasa. Tukunyar da ba ta da huda a ƙasa, komai kyanta, rijiya ce, kuma jera tsakuwa a gindinta ba ya maye gurbin huda, sai ma ya matso da ruwan kusa da saiwa. Tukunyar yumɓu da ba a shafa wa fenti ba tana fitar da danshi ta jikinta, abin da ke sa ruwan randa sanyi, don haka ƙasar cikinta ta fi saurin bushewa a kan ta roba ko tangaran. Girma ma yana da nasa hukunci: ƙaramin tsiro a babbar tukunya yana zaune ne a tsakiyar ƙasa mai yawa da saiwarsa ba ta kai gare ta, wadda za ta riƙe ruwa kwana da kwanaki. Ƙasar kuwa, laka da ƙasar fadama ba nasu ba ne. A nemi yashin rafi mai manyan ƙwayoyi, a haɗa da 'yar tsakuwa da gutsattsarin gawayi, a sa ƙasar lambu da tsohon taki daidai gwargwado. Rairayi mai laushi yaudara ne, toshe gurabe yake yi. Jiƙa haɗin ka dunƙule a hannu: in ka buɗe ya wargaje, ya yi, in ya zauna curi, ƙara yashi. Mai irin wannan ƙasa ko ya ɗan wuce gona da iri, ƙasar za ta rufa masa asiri.

Sai lokaci, wanda shi ne ya sa ba a iya ba da adadi. Tukunyar da ke bushewa cikin 'yan kwanaki a zafin Afrilu tana iya yin makonni a jiƙe a cikin ɗaki lokacin damina. A marka, a watan Agusta, sa'ad da sama ke yini a rufe, ban ruwan da ya dace shi ne a janye tukunya ƙarƙashin rumfa. Da hunturu iska ta bushe, leɓe na tsagewa, mutum zai zaci tsiro ma haka yake ji, amma sanyi yana rage masa aiki. Kariya takan zubar da ganyenta a wannan lokaci ta tsaya tsirara, mai ita ya firgita ya yi ta zuba ruwa, alhali barci take yi, kuma saiwar mai barci ba ta sha. In aka ƙyale ta, a kan waɗannan rassa marasa ganye furen ke fashewa in zafi ya dawo. Haka kuma tsiron da aka sauya wa tukunya: saiwoyinsa sun kakkarye, a bar shi kamar mako guda raunin ya kame kafin ya ga ruwa. Wannan ya saɓa wa duk abin da muka koya a dashen tumatir, inda dashe da ruwa ba sa rabuwa.

Wanda ya fi kowa tsananta wannan darasi yana kudancin Afirka. A 1811, a yankin Prieska, matafiyi Bature William Burchell ya sunkuya ya ɗauki abin da ya zaci tsakuwa ce mai ban sha'awa, sai ya ga tsiro ne. Lithops ake kiransa, ganye biyu ne kawai masu ƙiba, a manne, a binne har wuya. Kowace shekara sababbin ganye biyu kan fito daga tsakiyar tsofaffin, kuma ba daga ƙasa suke sha ba, tsofaffin suke tsotsa har su zama busasshen ɓawo. Mai tukunya yana kallon ganye na yamushewa wata da watanni, kuma abin da ake so ya yi shi ne kada ya yi komai. In ya tausaya ya zuba, tsofaffin su sake kumbura, su shaƙe sababbin, ko tsiron ya tsage ya ruɓe. A can ɗin ma akwai yankuna, irin Namakwaland, da ruwansu ke sauka lokacin sanyi, tsirransu su yi girma da sanyi su yi barci da zafi. Kowanne da agogon ƙasarsa ya zo, kuma bai ajiye shi a bakin ƙofarmu ba. Sanin sunan abin da ke tukunyarka da inda ya fito yana cikin ban ruwa.

A nan ne nake ganin kalmar bari ta cancanci a tsaya a kanta. Mukan ce wane ya bar shukarsa, muna nufin ya yi watsi da ita. Mukan kuma ce bar ta ta huta, muna nufin alheri. Daga nesa, tukunyar mai sakaci da ta mai haƙuri iri ɗaya ce: ƙasa a bushe, buta a rataye. Abin da ya raba su ba ya ganuwa a ƙasar. Mai sakaci bai san ranar da ta bushe ba. Mai haƙuri ya zo jiya ya soka tsinke, ya matsa ganye, ya juya tukunyar ɗaya gefen ya samu rana, ya tafi bai zuba ba saboda ya ga lokaci bai yi ba. Kulawa daga kula take, kuma kula tun asali aikin ido ne da hankali: ka kula da rami, ban kula da shigowarsa ba. Mun bari kalmar ta zame daga ido ta koma hannu, har muna auna ta da yawan abin da aka bayar. Bayarwa tana da daɗi ga mai bayarwa, tana sauke masa nauyi, tana ba shi shaidar cewa ya yi wani abu. Dubawa ba ta bar wa kowa shaida. Tsiron da ke ajiye ruwa yana mayar da kalmar gidanta, domin bukatarsa ce ma'auni, kuma ba a sanin bukatar sai an sunkuya.

Akwai kuma dalilin da ya sa haƙuri ya fi gaggawa a wannan aiki, dalilin da ba na ɗabi'a kaɗai ba ne, na lissafi ne. Kuskuren biyu ba su yi daidai da juna ba. Aloberar da ƙishirwa ta motsar, in ta sha sosai sau ɗaya ko biyu, ganyenta zai sake cika, domin fari shi ne abin da aka gina jikinta ta jure. Wadda gindinta ya ruɓe kuwa sai an kai ga wuƙa: a tuge ta, a kakkaɓe ƙasar, a yanke duk inda ya yi baƙi da tsabtatacciyar wuƙa har a kai ga farin nama, a ajiye a inuwa kwanaki yankan ya kame, a sake dasawa a busasshiyar ƙasa, a jira kafin a ba ta ruwa. In kariya ce a wanke hannu sosai, a kiyaye ido, a nisanta yara, don ruwan jikinta dafi ne da maharba suka daɗe da sani. Duk da wannan wahala ba kullum ake cin nasara ba, in ruɓar ta kai zuciya sai dai a nemi 'ya'yan da suka fito a gefe. Jinkirin kwana uku ana biyansa da buta ɗaya, gaggawar kwana uku kuwa tana iya cinye tsiron shekara biyar. Saboda haka duk ranar da ka tsaya a kan tukunya zuciyarka ta rabu biyu, ko a zuba ko a bari, shakkar kanta ta isa hujja: bari, ka dawo jibi da tsinkenka.